Kujerar Alhaji

Maharazu mai wankin mota ya sake danna farin ƙyalle a kan kujerar baya, ya ɗago shi. Ƙyallen ya fito da jirwayen ja.

"Ka gani ko? Sama ta fita tas, amma soson ciki ya sha jini ya ƙoshi."

Tajuddeen direba ya zube a kan wata tsohuwar taya, ya dafe kai. Wallahi ya gaji, irin gajiyar da ko magana nauyi take yi wa mutum. Da asuba maigidansa, Alhaji Ubaidullahi, ya aike shi Kibiya. A hanyar dawowa, wajen Fassi, wani makiyayi ya tare shi, ga matarsa a durƙushe a bakin titi tana naƙuda, jini na zuba. Dokar Alhaji kuwa ba a yi mata kwana: duk direban da ya ɗauki wani a motarsa, ranar aikinsa ya ƙare. Amma ina, wa zai wuce wannan? Ya kai su asibiti a Rano, ya zarce wurin wanki.

"Fesa mata turare kawai, Malam Maharazu."

"Turare ba ya busar da soso. Sai an kwance kujerar, an jiƙa ta da ruwan sanyi, an matse, ta wuni a rana."

"Wuni? Yau fa Juma'a! Ni zan kai shi masallaci."

"A nan yake zama?"

"A nan. Amma shadda mai duhu ya ba wa mai guga jiya, ko ta ɗan tsotsa ba zai gani ba."

Maharazu ya matse ƙyallen a bokiti, bai dube shi ba.

"Gani kam ba zai gani ba. Sai dai da shi a jikin riga zai tsaya salla."

Tajuddeen ya tuna matarsa Rahma, ya tuna zaman da ya sha a tasha kafin ya sami wannan aikin. Haushin kowa ya kama shi, har da Maharazu da bakinsa. Ya ciro waya, ya mayar aljihu, ya sake cirowa ya kira Alhaji.

"Ranka ya daɗe, a nemo maka wata motar. Wannan ba ta zaunuwa yau."

Ya faɗa masa komai, bai rage ba. Alhaji ya saurara har ƙarshe.

"Matar ta sauka lafiya?"

"Ban sani ba tukuna, Alhaji."

"Allah ya raba lafiya. Idan motar ta bushe, ka ba wa wani ya kawo mini ita." Ya kashe waya.

Maharazu ya ɗauko sifana, ya tsaya yana jujjuya ta.

"A kwance?"

Tajuddeen ya miƙe da ƙyar, ya naɗe hannun riga.

"Kwance ta. Kama can, in kama nan."