Shanun Aro

Zahara'u ta sauke bido, jarkar madararta, daga kanta ta ajiye a gindin aduwa, a bayan na sauran mata, tana share zufa da bakin gyale. Tun da asuba ta tatsi shanu, ta tako daga ruga zuwa bakin titin Bazaga kafin rana ta taɓa madarar. Chindo, mai karɓar madara na kamfanin yawur na Ni'imar Ruga, yana zaune a kan babur ɗinsa mai ƙafa uku yana kiran sunaye daga wata sabuwar takarda. Ya kira, ya kira, sannan ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

"Chindo, ba ka kira ni ba," in ji Zahara'u.

"Ba ki ciki, Inna."

"Ba ni cikin mi? Shekara shida nike kawo muku madara."

"Lis ce ta zo daga buro, can ofishin kamfani. An ce shanunki sun cika gyatsa."

Mata suka kwashe da dariya, irin dariyar wanda ya tabbata sunansa ya fito. Zahara'u ta ji kamar ta nutse don kunya, sai tsoro ya biyo baya. Mijinta Usman shekara biyu ke nan yana kwance, rabin jikinsa ya shanye, ga jikoki uku. Tallan nono a kasuwa kuwa ya mutu tun da yawur na leda ya cika gari. Wannan bido shi ne tukunyar gidan.

Abin ya samo asali ne makonni uku da suka wuce. Turawan da suka ba kamfanin injuna sun ce sai an auna iskar da kowace ledar yawur ke ƙara wa zafin duniya, tun daga cikin saniya har zuwa shago, kafin su ba shi takardar shaida. Aka ɗauko wata Madam Fadila daga Yamai don ta yi awon. Labarin da ya iso ruga dai shi ne, farar mota na zuwa ƙirga shanu.

To, a wannan yanki kowa ya san abin da ke bin bayan farar mota: dusa ko allurar dabbobi, kuma bisa yawan shanu ake rabawa. A shekarar fari, wanda ya faɗi gaskiya buhu ɗaya ya samu, wanda ya yi aro ya samu biyar. Tun daga nan aron shanu ranar ƙirga ya zama kamar aron tabarma ranar suna, ba mai kiransa ƙarya. Duk da haka Zahara'u ta tambayi Chindo ko ta yi aro. Ya sosa gemu ya ce, "Ƙirga dai ƙirga ce, Inna. Kin san yadda aka yi." Sai ta je wurin Jaje, wan mijinta, ya koro mata ashirin da biyu aka haɗa da nata tara.

Ranar kuwa garken ya yi kyau. Madam Fadila ta zagaya da ƙaramar na'ura a hannu, ta tambayi abin da suke ci, da inda kashinsu ke zuwa, da lita nawa ake tatsa. Zahara'u ta ce takwas, don nan ba wurin ƙari, kamfani ke aunawa. Ta dangwala yatsa a takarda, har ta dama wa baƙuwar fura.

Yanzu ga abin da furar ta jawo. Ta ɗauki bidonta, ta tare kabu-kabu zuwa Konni, inda kamfanin yake. A hanya manyan motocin siminti suna wuce su suna tofa musu baƙin hayaƙi, ita kuwa ta rungume bidon ta rufe shi da gyale saboda rana.

Mai gadin kamfani ya zaunar da ita a benci har aka yi azahar. A tsakar gida wani ƙaton gurup, injin wuta, yana ruri don ba ofis wuta, hayaƙinsa ya baƙanta bango, 'yan dako kuma suna sauke buhunan madarar gari daga mota. Da aka shigar da ita, sanyin ɗakin ya sa ta ƙanƙame jiki.

"Inna mai fura!" in ji Madam Fadila da fara'a. "Zauna, zauna."

Ta juyo mata da allon na'ura. Layuka ne a jere, kore da rawaya, sai guda ɗaya ja da ya zarce duka.

"Wannan ke ce. Saniya idan tana tuƙa tana gyatsa, iska na fita da ke riƙe zafi a sama. Muna tara iskar garke duka mu raba bisa madarar da ya bayar. Ke shanu talatin da ɗaya, lita takwas. Litarki ɗaya ta fi ta kowa ƙazanta. An ce mu cire goma na ƙarshe, ke ce ta farkonsu."

"Ɗiyata, tara gare ni. Wallahi tara. Sauran na Jaje na, aro na yi. Na aza dusa za a ba mu."

Murmushin Madam ya ɗauke. Ta tashi ta tura ƙofa ta rufe.

"Kada ki sake faɗin haka a nan. Rahoto ya tafi Turai da sa hannuna. Idan na ce lamba ɗaya ƙarya ce, za su ce duka ƙarya ne, su hana kamfani takardar. Sai wa ya sayi madarar sauran matan?"

"To a sake ƙirgawa. Sun koma wurin mai su tun ran nan, ki zo ki gani."

"Sai bayan shekara uku ake sake awo. Kuma wanda aka kama ya ba da lambar ƙarya, cire shi ake yi har abada. Gara ki tsaya a kan talatin da ɗayanki, Inna, don amfaninki nake faɗa." Ta nuna layi mafi gajarta, kore shar. "Dubi wannan, Kubura. Shanu uku, lita bakwai. Da ita za ku yi koyi."

Zahara'u ta san Kubura. Surukar Chindo ce, kuma shanunta goma sha biyar ne. Sai yanzu ta gane dalilin da ya sa jikokin Kubura suka kora garke daji tun da sassafe ranar ƙirga, ta kuma gane sosa gemun Chindo. Ta ɗago kai ta dubi Madam.

"Kubura sha biyar gare ta," ta ce a hankali.

"Ban ji ba," in ji Madam, tana gyara takardu.

Zahara'u ta miƙe ta ɗauki bido. Har ta kai ƙofa Madam ta kira ta. Ta ƙare mata kallo, daga kitson da ya sauko gefen kumatu zuwa tsagen bakinta da 'yan kunnenta na azurfa, sai fara'ar nan ta dawo.

"Tsaya, Inna. Muna neman hoton da za a sa a kan sabuwar leda, don a ga da matan makiyaya muke aiki. Wallahi ke kin dace."

"In na tsaya, za a mai da sunana?"

"Za mu gani."

Babu babban da bai san ma'anar za mu gani ba, Zahara'u ma ta sani. Amma ta tuna Usman a kwance yana jiran ta dawo da kuɗin madara, sai ta ajiye bidon.

Aka fita da ita bayan ofis, inda aka dasa 'yan itatuwa, nesa da gurup don kada baƙin bango ya fito. Mai hoto ya ce roba ba ta da kyau, aka ɗauko wata ƙwarya mai zane da ke rataye a ofishin darakta. Da aka juye madarar sai ga ta ta tsinke, ruwa daban, gudaji daban, tsami na tashi. Madam ta toshe hanci.

"Ba komai," in ji mai hoto. "Fari dai ake so. Ɗaga sama kaɗan, Inna. Yi dariya. A'a, kamar kina jin daɗi."

Ta yi. Sau bakwai ya sa ta yi, har kumatunta suka gaji. Ya nuna wa Madam, su biyu suka sunkuya a kan hoton suna yaba haske. Zahara'u ta tsaya da ƙwarya a hannu tana jira a ce mata wani abu. Mai gadi ne ya zo.

"Juye abinki, Inna," ya ce. "Ƙwaryar ta buro ce."