Zoben Hajiya Kabira

Hadi da 'yarsa Nuha suna zaune a ɗaki guda a unguwar Hindawiyya, cikin Makka. Shi Basakkwace ne, yana ɗaukar kayan alhazai a Mina lokacin Hajji. Ita kuwa a Makka aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta. Abin da suka rasa shi ne aikin da zai riƙe su daga wannan Hajji zuwa na baɗi.

Hadi ya iya wasa guda na saurin hannu. Sai ya ari zobe, ya damƙe shi, ya buɗe tafinsa, babu komai. Nuha ta san yadda abin yake: wani ɗan ƙarfe ne mai naɗe zare, ɗaure a hamatarsa, shi ke fizge zoben ya shige hannun riga. Rigarsa ta gida mai faɗin hannu ce, zoben yakan wuce sumul.

Bandar, mai wani wurin biki a bayan gari, ya ce Hadi ya zo ya gwada a gaban iyalinsa. In ya burge su, zai riƙa yi wa yara wasa duk mako.

"Amma ka sa tob mai kyau, ya Hadi," in ji Bandar. "Ba wannan tantin da kake yawo a ciki ba."

Hadi ya yi dariya, ya aro farin tob, doguwar riga irin ta Makkawa, a wurin maƙwabci. Hannun tob ɗin matsattse ne, da maɓalli a wuyan hannu.

"Baba, ka gwada a cikinsa tukuna," in ji Nuha.

"In ɓata gugar? Haba 'yar nan, tun kafin a haife ki nake yi."

Da la'asar suka isa. Mahaifiyar Bandar, Hajiya Kabira, ta zare zobenta na azurfa mai jan dutse ta miƙa masa.

"Riƙe da kyau, ɗana. Na mahaifina ne."

Hadi ya damƙe, ya hura, ya saki. Nuha ta ji wani ƙas. Zoben ya daki maɓallin, ya tsaya a bakin hannun riga yana reto a jikin zare. Dutsen ya rabe biyu, ya faɗi kan darduma.

"Ga zare! Ga zare!" Yara suka fashe da dariya.

Hajiya Kabira ta sunkuya da ƙyar, ta tsince gutsattsarin, ta ƙulle su a bakin mayafinta. Ba ta dubi kowa ba.

"Halas, shi ke nan," in ji Bandar a hankali. "Allah ya sauwaƙe."

A ƙafa suka kamo hanya. Can Hadi ya ce, "Gobe zan gyara ƙarfen nan, sai in sake yi wa Bandar magana."

Nuha ta riƙe hannunsa. Ta gane Bandar ba zai sake kiransu ba, ta kuma gane babanta ya san haka.