Ko Da Ita, Ko A Kanta

Ranar da rundunar birnin Sifata za ta fita yaƙi, Onasima ta miƙa wa ɗanta Lakratas garkuwar tagulla a bakin ƙofa, ta faɗi abin da iyaye mata ke faɗa.

"E tan, e epi tas."

Ko da ita, ko a kanta. Wato ka dawo riƙe da garkuwarka, ko a ɗauko gawarka a kanta. Da numfashi ɗaya ake faɗinsa, ba a jan murya, ba a sunkuyar da kai, kuma ƙarshen shi ake dannewa. Onasima ta faɗe shi tsaf, har matan unguwa suka yi ta yabonta a bakin rafi.

Lakratas ya dawo da ƙafafunsa, hannu sake. An karya rundunarsu a bakin wani kogi, ya yar da garkuwar don ya iya iyo. Dattawa suka aske masa rabin gemu, suka sa masa mayafi mai faci, aka kira shi Mai Karkarwa. Ba mai amsa masa gaisuwa, ba mai ba shi wuta, ko da kuwa uwarsa ce. Ya koma bukkar awaki da ke ƙarshen gonar zaitun.

Wani lokaci da hantsi Onasima takan hango shi tsaye cikin itatuwa, rabin fuska na babban mutum, rabi na jaririn da ta yi wa wankan giya ranar haihuwa. Mutane na wuce shi ba sa ko kaucewa, shi ne ke matsawa. Sai ta ji muryarta ta ranar nan, daga can bayan kunnenta, tsaf ba gargada. Tana taje kai ta ji ta, tana zuba mai a fitila ta ji ta.

Sanyi ya sauko daga dutsen Tayigetos, ƙanƙara ta rufe gonaki. Bukkar ba ta taɓa yin hayaƙi ba. Da farko tana jiyo tarinsa idan iska ta juyo. Yau tun safe take saurare, shiru.

Maƙwabciyarta Filista ta leƙo, da kambin ganye a ka. Ita nata ɗan a kan garkuwa aka kawo shi daga wannan yaƙin, tun daga ranar take yawo da fara'a kamar yadda ake so.

"Uwar gwanin iyo, an tashi lafiya?" in ji Filista. "Na ce ko za a sa shi ya koya wa agwagina ninƙaya?"

"Ki tambaye shi mana."

"Ni? Na rantse da allolinmu Tagwaye, ban iya hira da fatalwa ba. Ke dai kin yi naki, ƙawata. Duk garin nan ba wadda ta iya faɗin maganar garkuwar nan kamarki. Ni da na zo faɗa wa nawa sai da harshena ya harɗe, ya tsaya yana yi mini dariya, ja'iri."

Ta yi dariyar ita ma, ta fita.

Onasima ta daɗe tana kallon murhu. Ta san abin da zai biyo baya. Ba za a ƙara kiranta rawar biki ba, mata za su matsa idan ta zauna, gaisuwarta ita ma za ta faɗi ƙasa ba mai ɗauka. Ta ɗauko fasasshen kasko, ta kwashi garwashi, ta fito da rana tsaka.

Filista na tsaye a bakin hanya. Ta dubi kaskon, ta dubi Onasima. Fara'ar nan ta zame daga fuskarta, sai ga tsohuwa.

"Rufe shi da toka," ta ce ƙasa-ƙasa, "iska za ta cinye shi kafin ki kai." Ta waiga hagu da dama. "Idan yana magana, ki tambayar mini shi ko ɗana ya daɗe kafin ya cika."

Ta gyara kambinta, ta juya baya kamar ba ta ga kowa ba.

A bukkar, Lakratas na kwance tsakanin awaki biyu, yana ɗumama jiki da su. Idonsa a buɗe. Onasima ta durƙusa, ta tara kirare, tana hurawa.

"Lakratas. Ni ce."

Bai motsa ba. An daɗe rabon da a kira sunansa, ya yi kamar yana jira ya ga wanda zai amsa.

"Inna, haramun ne," ya ce daga baya, da wata murya da ta bushe.

"Na sani."

"Ranar nan, da kika faɗa mini, muryarki ko rawa ba ta yi ba. Da ruwa ya kai mini wuya ita nake ji. Har yanzu ina jin ta."

"Ni ma."

Wutar ta kama. Hayaƙi ya bi ta rufin ciyawa ya miƙe, inda duk garin zai gani. Ta jawo kansa ta ɗora a cinya, ta shafa gefen da aka aske. Sanyi ƙalau, amma yana numfashi.

Daga can cikin gari sarewar yaƙi ta tashi, wata rundunar za ta fita. Iska ta ɗauko muryar wata mata tana sallamar ɗanta a bakin ƙofa, tsaf, da numfashi ɗaya. Onasima ta sa tafukanta ta toshe wa ɗanta kunnuwa. Nata kuwa ba mai toshe mata.