Barewar da Ta Tafi da Kibiyata

Daren jiya barci ya sace ni a kan tabarmar da nake shimfiɗawa bakin ƙofar ɗakin Tabawa, sai na yi wani mafarki. Tabawa matata ce. Tun da zazzaɓi ya sake ta bakinta ya mutu, ko kunu aka kai mata sai ta kau da kai, har wuyanta ya koma kamar sillen kara. A cikin mafarkin ma haka take, sai dai gadonta yana tsakiyar gonar dawa, dawar kuma ta fitar da kai ta ƙasa, saiwarta na sama tana shan iska. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malam, romon barewa nake so."

Na ce, "To."

Sai ga ni a daji da hantsi, na durƙusa bayan wata sabara, kwari a kafaɗa, baka a hannu. Kibiyar da na ɗora ban shafa mata dafi ba, don naman na marar lafiya ne. Barewar tana gabana tana cin tofon kalgo, kunnenta ɗaya a tsage. Na auna bayan allon kafaɗarta, inda ake samun huhu. Daidai lokacin da na saki tsirkiya sai dajin ya matsa gaba kaɗan, kamar yadda ake jan tabarma. Kibiyar ta shige ta a kwiɓi. Ta ƙudundune, ta yi tsalle ɗaya, ta faɗa cikin gamba da kibiyar a jikinta.

Na zabura zan bi ta, wani ya riƙe mini gefen riga. Kawu Jatau ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya koya mini riƙon baka. Ya rasu tun shekarar da ruwa ya cinye gadar garinmu, amma ganinsa bai ba ni mamaki ba. Abin da na lura kawai, ya yi sabon aski.

Ya ce, "Ina za ka, Maikano?"

Na ce, "Kawu, harbin ya ɓaci. A kwiɓi na same ta."

"Na gani. Shi ya sa za ka zauna. Dabbar da aka harba a kwiɓi, in ka kore ta, gudu za ta yi har ƙasar da ba ka da kowa. In ka ƙyale ta, za ta nemi ruwa ta kwanta."

"Tana shan wahala, Kawu."

"Tana sha. Gaggawarka ƙara mata za ta yi."

Muka zauna a bencin wani mai shayi da ya kafa tebur a kan suri. Butarsa ba shayi take zubawa ba, inuwa take zubawa. Ya cika mana kofi, muka sha, gumin jikinmu ya bushe. Ni dai zaman bai yi mini daɗi ba. Duk numfashin da na ja sai in ji kamar wani ƙarfe na motsi a gefen cikina. Na tuna in ta mutu kafin in kai gare ta mushe ta zama, na kashe rai a banza, Tabawa kuma tana can cikin dawa tana jira. Mai shayin ya dubi fuskata ya ƙara mini rabin kofi.

Da rana ta hau tsaka Kawu ya miƙe. Muka je inda barewar ta tsaya. Ga gashi fari a ƙasa, irin na gefen ciki. Kawu ya dangwali jinin da ke jikin ganye, ya murza, ya shinshina.

Ya ce, "Baƙi ne, ba kumfa. Hanta ce. Ba za ta kai gobe ba, amma za ta yi tafiya."

Muka kama sawu. Ƙafarta ta baya ta hagu tana ja, sai ka ga kofato uku sun fito sarai, na huɗun ya yi zane kamar an ja tsinke. Jinin ba a ƙasa yake da yawa ba, a jikin ciyawa yake, daidai gwiwata. Duk inda na ga ɗigo sai in karya reshe in aje, don in sawu ya ɓace in san inda zan dawo. Rassan da na aje suna tashi su biyo ni a baya, a jere. Na juya na ce su zauna inda aka sa su. Suka koma, suna jan jiki.

Sawun ya fita daga gamba ya shiga tashar mota. Wani bunsuru ne kamasho, yana tsaye da hula zanna, yana tauna igiyar da ya ɗaure kansa da ita a jikin turke. Na yi masa sallama, na tambaye shi ko ya ga barewa da kibiya a kwiɓi.

Ya ce, "Ta zo. Ta nemi motar bakin ruwa. Na ba ta gidan gaba, ta ce ba za ta iya zama ba, abin yana tokare ta."

"Sai ta yi ina?"

"Ta ce za ta taka a hankali." Ya dubi kwarin da ke kafaɗata. "Taka ce kibiyar?"

Na ce tawa ce.

Ya daina tauna igiyar. Ya ce, "To ka hanzarta. Ta tsaya nan ta jingina da wancan bango, ta daɗe."

Na je na duba bangon. Ga shatin jikinta, ga jini ya gangaro ya taru a ƙasa, faɗin tafin hannu. Na tsaya ina kallo har sai da Kawu ya taɓa ni. Motocin tashar duk a tsaye suke cike da fasinja, garuruwan ne ke zuwa suna wucewa ta gefensu, kowa in nasa ya iso sai ya sauka. Muka ratsa tsakanin wasu ƙauyuka biyu da suka zo wucewa, muka koma daji.

Can gaba ƙasa ta yi duhu, ta haɗa hadari a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, ya jiƙa mana tafin ƙafa, sannan wando, sannan haɓa. Kafin in ankara sawun ya narke. Na durƙusa ina lalube cikin laka, babu kofato, babu jini. Na koma ga reshen ƙarshe da na karya, na yi kewaye, na faɗaɗa kewayen, ban ga komai ba. Na zauna cikin taɓo na ce, "Kawu, na rasa ta."

Ya ce, "Kai da ruwa ke tashi sama, me kake nema a ƙasa?"

Na ɗaga kai. Ruwan ya kwashi ɗigon jinin ya ɗaga su, amma da yake jini ya fi ruwa nauyi, sun tsaya a iska daidai goshina, jajaye-jajaye, kamar tsakiyar da aka tsinke wa zare. Sun yi layi sun nufi wani kwari. Na tashi na bi su, ina kaucewa kada in buge ɗaya.

Matsalar sai ta koma ta rana. Ta yi yamma da wuri, tana gangarowa da sauri kamar tana da uzuri a gida. Kawu ya dube ta ya yi tsaki. Ya sari wata gwafa a jikin marke, ya tokare ta da ita ta ƙasa, ya sa kafaɗa.

Ya ce, "Wuce. Ni a nan zan tsaya."

"Kawu, za ka iya?"

"Da zafi, amma zan iya. Kada dai ka tsaya surutu. Ka isa gare ta ta inda iska ba za ta kai mata warinka ba, kada ta sake tashi."

Na bar shi nan, hayaƙi na fita daga hularsa.

A ƙasan kwarin akwai tafki, ƙarami, an jingina shi da gindin kanya a tsaye kamar madubi. Kifaye na iyo daga sama zuwa ƙasa. Kafin in kai, na tarar da ungulaye zaune a kan tabarma, sun jera takalmansu a gefe. Babbar cikinsu ta gyara mayafi ta ce, "Sannu da zuwa. Gaisuwar mutuwa muka zo."

Na ce, "Ba a mutu ba tukuna."

"Mun sani. Gara mu zo da wuri, a samu wurin zama."

Na ce su yi haƙuri su tashi, wannan tana da mai ita. Ba su yi gardama ba. Suka naɗe tabarmarsu, suka sa takalma, suka tafi a ƙasa suna hirar tsadar gawayi.

Barewar tana kwance bayan kanyar, ta naɗe ƙafafu, kanta a miƙe. Kibiyar ta karye, guntunta ne kawai ya fito. Tsakaninta da ruwan bai fi kamu ɗaya ba, amma ƙarfin da za ta miƙa wuya ya ƙare. Na zagayo ta bayan iska, ina taka ƙasa a hankali. Ba ta motsa ba.

Ta ce, "Ka daɗe."

Na ce, "Kawuna ne ya ce in jira."

"Ya san aiki. Da ka biyo ni da gudu, da a kan dutse zan faɗi, inda ko raɓa babu."

Na tsuguna gabanta. Idonta ya yi wani irin laushi, ƙudaje sun fara taruwa a kan raunin. Na kore su da hannu. Na ce, "Ba nan na auna ba. Bayan kafaɗa na nufa, da ko ji ba za ki yi ba."

"Na sani. Na ji dajin ya motsa." Ta numfasa. "Ɗebo mini ruwa."

Na cire hulata na tara a jikin tafkin, ta cika. Na tallafi haɓarta, ta sha kaɗan, sauran ya zube a wuyanta. Na kai hannu zan zare guntun kibiyar, ta ce in bar shi, shi ne ya toshe ƙofar.

Ta ce, "Wa za a kai wa?"

"Matata. Ta daina cin abinci."

"Tana da 'ya'ya?"

"Akwai. Ƙaramar ba a yaye ta ba."

Ta kaɗa kunnen nan mai tsaga. Sannan ta ce, "A sa citta da yawa. Na ci ɗaci a bana, naman zai yi ƙarni." Ta kwantar da kai. "Yi abin da ya kawo ka, na gaji."

Na nemi gabas na rasa, domin a wannan ƙasar gabas yawo take yi, ɗazu tana bayan kanya, yanzu ta koma gefen tafki. Sai na hango rana can nesa, tsaye cak a kan gwafa, da ɗan baƙin mutum a ƙarƙashinta yana rawar ƙafa. Na ce ai nan ne yamma, ko ba komai Kawu ba zai bari ta gusa ba. Na juya mata baya, na gyara wa barewar kwanciya, na zare wuƙa daga kube. Na rufe mata ido da tafin hannuna. Na yi bisimilla.

Ba ta shure ba. Da jikinta ya saki, sai na ji ƙarfen nan da ke motsi a gefen cikina tun hantsi ya tsaya. Na ɗaga hannu na yi wa Kawu alama. Ya janye gwafar, rana ta faɗa da ƙara kamar an yar da tasa. Ya ɗago mini hannu shi ma, ya kama hanyarsa ta wancan gefen, yana fifita kafaɗa da hula. Na kira shi in ce ya zo mu je gida ya ci nama, bai waiwayo ba.

Na saɓa ta a wuya, ƙafafun gaba a hannun dama, na baya a hagu. Jikinta da sauran ɗumi. Hanyar gida ta naɗo kanta ta zo ta same ni, taku kaɗan na yi sai ga ni a tsakar gida, tukunya a kan murhu, wutar tana ci ta cikin tukunyar, romon yana tafasa ta waje. Na daka citta na zuba, na ƙara. Na ɗiba a kwano na kai wa Tabawa.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta shaƙi tururin, ta daɗe tana kallon cikin kwanon.

Ta ce, "Ta sha wahala?"

Na ce, "Ta sha. Amma ta sha ruwa kafin nan."

Ta gyaɗa kai. Ta kai kwanon baki. Na tsura wa maƙogwaronta ido ina jira in ga ko zai motsa, sai na fara jin wata ƙara, ƙurut, ƙurut, kamar ana kankare ƙarfe. Na duba tukunya, ba daga nan ba ne. Ƙarar ta yi ta matsowa har ta shiga kunnena.

Na buɗe ido. Gari ya waye, tabarma ta yi mini shati a kumatu, gadon Tabawa ba kowa. Na leƙa madafa. Tana zaune a kan turmin da aka kifa, ta yafa zane, tukunyar tuwon jiya tsakanin ƙafafunta, tana kankarar ƙanzo da cokali tana kaiwa baki. Ta ɗago ta gan ni tsaye.

Ta ce, "Malam, miƙo mini gishirin can."