Har Bayan Kpembe

"Ba za mu kwana a Bimbila ba," in ji Mma Abibatu, tana buga yatsa a kan wayar ɗanta. "Me ke Bimbila? Mu yi azahar, mu sha fura, mu wuce Yendi. Can muke da gida."

Faruq ya janye wayar kafin ta shafa mata mai, ya goge gilashin da gefen riga. Suna zaune a tsakar gida a zangon Salaga, shi a kan kujerar roba, ita a tabarma ta miƙe ƙafafunta masu kumburi. Matarsa Fauziya tana gefe tana ɓare lemo, tana saurare.

Daga Ankara, babban birnin Gana, suka zo shekaranjiya, a wata farar mota mai buɗaɗɗen baya. Faruq ya buɗe kamfanin kai baƙi yawon buɗe ido, kuma yana son bidiyon hanyar arewa, daga Salaga har Bawku, don ya nuna wa masu kuɗi abin da za su gani. Ranar da ya sauka, ko ruwa bai gama sha ba ya ce, "Mma, ki haɗa kayanki, da ke za a je. Za ki ga Mma Babba." Mma Babba ita ce Azara, yayar Mma Abibatu, wadda ta rage mata a duniya cikin waɗanda suka sha nono ɗaya. Tana kwance a Bawku tun farkon damina, ɓarin jikinta ya mutu, kuma rabon su da ganin juna tun Faruq yana makarantar sakandare. Tun da Mma Abibatu ta ji wannan magana ba ta sake zama wuri ɗaya ba.

"To daga Yendi fa?" Faruq ya tambaya.

"Gushegu. Amma ka bar wayar nan ka ji ni." Ta gyara zama. "In mun fita nan, gonakin doya ne hagu da dama har ka gaji da kallo. Mu haye kogin Daka, yanzu yana cike, ruwan ja wur. Bayan Yendi sai kaɗanya ta fara yawa, ƙasa ta buɗe, ka hango shanun Fulani tun ba su kai girman tururuwa ba. Amma duk wannan wasa ne. Sai mun kai Nakpanduri. Kai Faruq! Kana tafiya kana tafiya, sai ƙasa ta ƙare a gabanka. Ka tsaya a bakin dutse, duniya duka tana ƙarƙashin ƙafarka, kore shar har inda ido ya tsaya. Ranar da aka kawo ni aure direba ya tsaya a wurin, na leƙa na yi kuka."

"Da safe ya fi kyau ko da yamma?"

"Da safe mana, kafin rana ta yi ƙarfi. Sai mu gangara Garu, ka fara ganin jakuna da gidaje masu zagaye. In ka ji warin albasa ya buge ka, to ka iso Bawku."

Faruq yana ta dannawa a waya, yana cewa madalla. Ya sa ta kira Alhaji Imoro na Yendi, babban malami, aminin marigayi mijinta. Gidan Alhaji ba a shiga da kyamara, kowa ya sani, amma da ya ji muryarta sai ya ce gida nata ne, a ɗauki abin da ake so, har zabi zai sa a yanka. Ta kira gidansu na Bawku ta ce a share ɗakin baƙi. Aka kara wa Azara waya a kunne, ta yi ta ƙoƙarin magana da harshen da ya yi nauyi, abin da ya fito kawai shi ne, "Ki zo."

Bayan la'asar Mma Abibatu ta yafa mayafinta na zuwa biki ta fita sallama. A zango ba a tafiya mai nisa a ɓoye. Sai ka bi gida gida ka ce za ka yi tafiya, a yafe maka, ka yafe, a ba ka saƙo. Wanda ya tafi bai yi haka ba, ko ɓarawo ne ko mai gudun abin kunya. Ita kuwa ta yi sallamar da ba a taɓa gani ba. Ba ta bar ƙofa ɗaya ba, har gidan da suka yi shekara ba sa gaisawa saboda rigimar akuya. Liman ya ɗaga hannu ya yi mata addu'ar hanya. Matar mai yankan nama ta ba ta busasshen kifi ta kai wa 'yarta a Garu. Wani ya kawo garin rogo, wata ta kawo zane a leda.

Gidan Mma Fadilatu ta bari a ƙarshe, don daɗin ya daɗe a baki. Tare suka yi sana'ar koko da ƙosai a bakin tasha, kuma tun a lokacin ba wadda ke son ta ga tukunyar ɗaya ta riga ƙarewa. Ɗan Fadilatu yana Kumasi, ko a Sallah ba ya leƙo ta.

"Kwana nawa za ku yi?" Fadilatu ta tambaya, tana tsintar shinkafa ba ta ɗago ba.

"Yadda yaron ya ga dama. Ya ce sai na ga ko'ina. Kin san motar da sanyi a ciki."

"Allah Ya sa ƙafar ta bar ki."

"Amin. Ai ba da ƙafa zan je ba, ɗa gare ni."

Ta faɗa, kuma ta ji daɗin faɗa, ba ƙarya. Ta dawo gida tana taku kamar an cire mata shekara ashirin.

Washegari bayan asuba tana ɗaki tana ɗaure bakin jaka, sanye da sabon leshi, Faruq ya shigo ya turo ƙofa. A waje an fara taruwa, tana jin muryoyin mata da kukan takalma a kan tsakuwa.

"Mma, akwai 'yar magana." Bai zauna ba. "Tafiyar nan ba za ta yiwu da ke ba."

Ta ci gaba da ɗaurin, don kunnenta ya ji amma hannunta bai ji ba tukuna.

"Nazif mai ɗaukar bidiyo ya iso jiya, yana jiran mu a bayan Kpembe, nan kusa da gari. Kayan aikinsa ba sa son ƙura, dole su zauna a kujerar baya. Shi da su sun cinye wurin."

"Sai in riƙe kayan a cinya."

"Mma, ba wannan kaɗai ba." Ya shafa gemu, ya dubi agogo. "Ciwon sugan nan. Yanzu-yanzu ki ce a tsaya za ki kewaya. Mu kuma haske muke bi, in rana ta wuce ta wuce. Aiki ne fa, ba ziyara ba."

Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Yaron da ta wanke wa kashi, yau shi ke mata lissafin fitsari.

"Yaushe ka san da Nazif ɗin?"

"Tun Ankara."

"Tun Ankara. To me ya sa ka ce in haɗa kaya?"

Ya ɗan yi dariya, irin ta wanda aka tambaya abin da kowa ya sani. "Haba Mma. Da na ce ba da ke ba, za ki kira Alhaji Imoro da wannan muryar? Ke ma kin san halin tsofaffin nan. In an ce kina tafe, ko'ina a buɗe yake. In mun isa sai in ce ƙafa ce ta tashi." Ya dafa kafaɗarta. "Bayan Sallah zan turo a kai ki, ke kaɗai, a huce."

Bayan Sallah! Azara da ake juyawa a kan gado kamar jariri, ita ce za ta jira bayan Sallah?

"Bari in fita in ce musu ba ki ji daɗi ba," in ji shi, ya juya.

"Tsaya."

Jiya duk zango ya gan ta tana taku garau. Ba wanda zai yarda. Kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa ɗan Abibatu ya ɗauki akwati ya bar uwarsa, kuma wannan suna ba ya goguwa, har 'ya'yansa za a riƙa nuna wa da baki. Ga Fadilatu kuma, wadda tun ɗazu ake jin tarinta a ƙofar gida. Ko don shi ta yi ko don kanta, ita ma ba ta sani ba.

"Ka ɗauke ni a gabansu," ta ce. "In mun wuce Kpembe sai ka sauke ni."

Fuskarsa ta washe. "Wallahi haka ma ya fi. Fauziya ta ɗauki fitowarki da waya, zai yi kyau a farkon bidiyon."

Haka aka yi. Mma Abibatu ta fito cikin leshinta, ana ta "Allah Ya kiyaye hanya", "a gaida mutanen Bawku". Aka loda kifi da gari a baya. Liman ya sake ɗaga hannu. Faruq ya buɗe mata ƙofa da kansa, har da rusunawa, ya tallafi gwiwar hannunta ta hau, mata suka yi ta cewa Allah Ya ba mu irin wannan ɗa. Fadilatu ta matso jikin taga ta ce, "Ashe da gaske ne." Mma Abibatu ta yi mata murmushi har da ɗaga hannu.

Motar kuwa da sanyi a ciki, kamar yadda ta faɗa. Suka wuce tasha, suka wuce makaranta, gidaje suka fara ja baya, kunyoyin doya suka fara bayyana da ganyensu a kan sanduna. Iyakar abin da ta gani ke nan na hanyar da ta tsara.

A bayan Kpembe, gindin wani mangwaro, wani saurayi mai gajeren wando yana tsaye cikin baƙaƙen akwatuna. Ya gaishe ta da Turanci, ya tsaya yana jira ta fito. Ta sauko a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Faruq ya sauke jakarta, sannan ya shiga sauke saƙonnin mutane.

"Waɗannan fa? Amana ce aka ba ni."

"Ke aka ba, Mma. Kifin nan zai sa mana wari a kaya, kuma ba ni da lokacin neman gidaje a Garu."

Ta buɗe jaka da sauri ta ciro wani ƙulli, man zafi ne da turare da ta saya wa Azara. Faruq ya riga ya koma yana taya Nazif jera akwatuna a inda ta tashi, har da ɗaura musu bel. Fauziya ce ta sauko ta karɓa, idonta a ƙasa, ta miƙa mata gorar ruwa.

"Mma, ki yi haƙuri," ta ce a hankali. Ta koma ta zauna a gaba.

"Ga mai keke nan zai zo, ki hau ki koma," in ji Faruq ta taga. "Ki yi mana addu'a."

Kuma ta yi. Bakinta ya saba, bai jira izininta ba. "Allah Ya tsare," ta ce, motar ta tashi.

Mai keke ya zo ya tsaya, ta ce ya wuce. Wani ya zo, shi ma ta ce ya wuce. Ina za ta da safiyar nan, da leshi da kifin mutane? Za ta jira sai duhu ya fara, ta bi ta ƙofar baya, ta shige ɗaki ta rufe har ranar da za a ce sun dawo. Abin da za ta ce game da kifin, wannan sai Allah. Ta ja kayan ɗaya bayan ɗaya ta kai bayan mangwaron, inda masu wucewa ba za su gane ta ba, ta zauna a kan buhun gari. Fitsari ya matse ta, ta tashi ta kewaya cikin ciyawa, ta dawo ta zauna. Ƙudaje suka gano kifin.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Lambar gidan Bawku ce. Ta bar ta ta yi ta kuka har ta katse, sai ta sake farawa. Ta ɗauka.

"Ga Mma Babba, tun asuba take damun mu a kira ki," in ji wata murya. "Yau har ta sa an yi mata kitso."

Sai numfashi mai nauyi, sai harshen nan da ke jan kalma kamar ana jan guga daga rijiya.

"Abiba. Kun... taso?"

Mma Abibatu ta dubi titin, jan titi da ba kowa a kansa. Ta share fuska da gefen mayafi, ta gyara murya.

"Mun taso, Yaya," ta ce. "Har mun wuce Kpembe."