Sunan Ɗan Fari

Balon, wato ƙwallon roba, ya gangaro ya tsaya daidai ƙafar Alƙasim, shi kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Sauran yaran sun cika tabarma da hayaniya: wannan na dukan gwangwani, waccan ta goya 'yartsana, biyu na kokawa a kan murfin tukunya. Uwarsa Cima na zaune jikin bango cikin sauran mata, ta ƙura wa yatsun ƙafarta ido kamar ba ɗanta ne a tsakiyar tabarmar ba.

Tun kafin girbi suke kwance a likitar Buza, ɓangaren yara masu tamowa. Yaron ya murmure, kumburin ƙafa ya sace, sikeli ma ya yarda. Saura gwajin wasa. Kafin sallama, Madam Zulaihatu mai kula da ɗakin takan zube yara a tabarma ɗaya ta ga wa ke miƙa hannu, wa ke bin ɗan'uwansa, wa ke waiwayowa in an kira shi.

"Ni tsorona sukai saboda allura," in ji Zulaihatu. "Kowace ta kira ɗanta."

Mata suka shiga kira. Yara na waiwayowa, wasu da gudu, wasu da rarrafe. Da aka zo kan Cima sai ta gyara kallabi, ta yi gyaran murya.

"Kai! Wannan!"

Alƙasim bai motsa ba.

"Wannan wa? Ba shi da suna?"

Mata suka kwashe da dariya. "Ɗan hwari na, madam," in ji wata. "Kina son ta tsaga ƙasa ta shige?"

Zulaihatu ba ta yi dariya ba. "Na san kunya, ni ma 'yar Adar ta. Amma yaro shekara uku, ba shi wasa, ba shi waiwaye. In bai amsa ba, sai ku tahi babbar likitar Tawa a duba kunnenai, a duba kainai."

 Cima dai ta san kunnen ɗanta ƙalau yake. A gida, can Deule, ko daga bakin rijiya kakarsa Inna Dije ta ja sunansa, da gudu yake zuwa. Tun yaye aka miƙa wa tsohuwar shi, kuma ciwon gwiwa ne kaɗai ya hana ta zaman jinyar nan. Cima kuwa ba ta taɓa furta sunan ba. Ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Ta tuna ranar da ya fara rarrafe, ya nufo ta yana dariya, ta janye ƙafarta ta ci gaba da tankaɗe. Matan gida suka yi ta yabo, wai yarinya mai kunya. Ta ji daɗin yabon, kuma shi ne yanzu yake ci mata rai. Ko a nan likita, ba shi madara take yi tana kallon bango.

"Muna jiranki," in ji Zulaihatu a hankali.

 Sunan ya yi wa Cima nauyi a baki. Ta rufe ido, ta ja shi yadda Inna Dije ke ja, da ɗan waƙe a ƙarshe.

"Alƙasim!"

Yaron ya ɗago kai. Fuskarsa ta washe, karon farko tun zuwansu. Ya dafa tabarma ya miƙe, ya taho yana tangaɗi. Cima ta buɗe hannuwa, ba ta ma damu da idon mata ba.

Ya wuce ta. Gefen zanenta kawai ya shafa, ya je bakin ƙofa ya kama ƙyaure yana leƙen waje.

"Inna?" in ji shi. "Inna?"

"Alhamdu lillahi!" Zulaihatu ta tafa hannu. "Kunnenai lahiya lau, ga tahiya, ga magana. Gobe ku tahi gida."

Mata suka yi ta yi wa Cima barka, wata har da guɗa. Ita kuwa ta tashi ta je ta durƙusa kusa da shi a bakin ƙofar, ta sake faɗin sunan, wannan karon ƙasa-ƙasa, da muryarta ta kanta. Ya juyo ya dube ta cikin ladabi, irin kallon da yaro ke yi wa baƙuwa, sannan ya mayar da idonsa kan hanya.