Likitan da Zalia Ta Rubuta

Ranar Juma'a, da an sallame salla, Malam Mumuni ba ya tsayawa gaisawa a ƙofar masallaci. Kai tsaye yake komawa shagonsa na buga takardu a bayan kasuwar Dapaong, ya kunna tsohuwar kwamfutarsa, ya jira ta gama nishi.

'Yarsa Zalia ce ta raya wannan kwamfuta bayan kowa ya ce ta mutu. Kafin ta tafi Sokodé, inda ta samu aikin kula da kwamfutocin ofisoshi, ta rubuta wani ɗan jerin umarni ta sa masa suna Likita. Aikin Mumuni shi ne ya buɗe baƙar tagar nan da ake kira shel, wadda ake rubuta wa na'ura umarni a ciki, ya buga sunan Likita da yatsa ɗaya. Sai Likita ya zagaya cikin kwamfutar ya fito da bayani layi-layi: zafin jikinta, sauran wurin ajiya, ko injin buga takarda yana amsawa. Daga nan Mumuni ya kira Zalia ya karanta mata.

Karatun yana daɗewa, domin bokonsa bai yi nisa ba, kuma da Faransanci ya yi shi. Kalmomin Ingilishi sai ya bi su harafi-harafi. A tsakanin layi da layi ne yake cusa abin da ke ransa.

"Layi na gaba ya ce zafi bai yi yawa ba. Uwata, tarin nan naki ya tafi?"

"Ya tafi, Baba. Ci gaba."

Sunan mahaifiyarsa aka raɗa mata, shi ya sa yake ce mata Uwata. Tun babbar sallar bara bai sa ta a ido ba. Matarsa Mairama takan ce masa, "Malam, in kewar 'yarka kake ji, ka ɗauki waya ka gaishe ta mana. Sai ka fake da wannan akwatin?" Shi kuwa ba zai iya ba. Yarinya tana aiki, me zai ce ya kira yi?

Wata Laraba, Awudu direban motar Sokodé ya tsaya a ƙofar shago ya miƙa masa ɗan kile na ajiyar bayanai, an naɗe shi a leda.

"Saƙon injiniya. Ta ce sabon Likita ne, shi zai riƙa aika mata bayani da kansa ta intanet. Tsoho, ka huta da karatu."

"Tsoho yana gidanku," in ji Mumuni. Awudu ya yi dariya ya ja mota.

Ya jefa kilen a aljihu. Yana buga wa mutane takardu, hannunsa yana komawa wurin yana taɓa shi. In Likita zai yi magana da Zalia da kansa, shi kuma fa?

Ranar Juma'a ya soka kilen, ya bi yadda Zalia ta kwatanta masa, ya buga sunan. Kwamfutar ta yi jim, ta fito da layi ɗaya tak, ta tsaya. Ya sake bugawa, layin nan dai. Ya ɗauka ya lalata wani abu. Ya kira Zalia ya karanta mata harafi-harafi.

Zalia ta ja numfashi. "Ba kai ba ne, Baba, ni ce. Da sabon salo na rubuta shi, shel ɗin kwamfutarka kuwa tsoho ne, bai san waɗannan umarnin ba. A ofis duk sababbi muke gwadawa, na manta. Abokan aikina kullum cewa suke in daina wahalar da kaina a kan tsohon shel. Ko dai in nemo maka wata kwamfutar?"

"Wannan tana aiki," ya ce da sauri.

"Baba, ta kusa sa'ata fa."

"Tana aiki, Uwata. Ko jiya takardun 'yan garin Korbongou na buga da ita." Ya dubi layin nan guda. Babu na biyu, balle ya sami inda zai cusa tambaya. Ya gyara murya. "In sake karanta miki? Wataƙila na tsallake wani harafi."

"Ba ka tsallake ba."

"To. Shi ke nan." Bai kashe wayar ba. Yana jin ƙarar babura ta wajenta, da wata mai talla tana kira da harshen Tem na mutanen Sokodé. "Kin ci abinci dai?"



"Na ci, Baba. Bari in sake rubuta shi da tsohon salo, wanda kowane shel yake ganewa. Awudu zai kawo."

Bai tambaye ta ko wannan ma zai riƙa aikawa da kansa ba. Tsoron amsar yake ji. Mairama ta lura tuwonsa yana saura a kwano.

Kilen ya iso ranar Alhamis. Washegari bayan salla ya zauna, ya yi bismilla, ya buga sunan da yatsa ɗaya. Layuka suka fara zubowa. Zafi, wurin ajiya, injin buga takarda, sai kuma waɗansu da bai taɓa gani ba, suna ta sauka har suka cika tagar suka wuce ƙasa. Na ƙarshe da Hausa yake: a kira Zalia a karanta mata.

Mairama, wadda ta kawo masa abinci, ta leƙa ta kafaɗarsa. "Wannan ai sai la'asar ba ku gama ba."

"Aiki ne," in ji shi.

Ya goge tabarau da bakin riga, ya jawo kujera kusa, ya ɗauki waya.